Yaron da aka gasa a bakin murhu: tambayoyi da amsoshi kan fim ɗin Tom Brown na 1951

Ba garin Tom Brown ɗin da iyaye mata ke dama wa yara ake nufi ba. Wannan Tom Brown yaro ne ɗan Ingila a cikin wani tsohon littafi, kuma labarin wuyar da ya sha a makarantar kwana an mayar da shi fim ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wanda ba ya son a ba shi labari kafin ya gani da idonsa, ya sani an fasa ƙwai a nan.

Wane fim ne, su wa suka yi shi?

Sunansa Tom Brown's Schooldays. Fim ne baƙi da fari, an yi shi a Birtaniya, ya fito a 1951, tsawonsa awa ɗaya da rabi da 'yan mintoci. Gordon Parry ne darakta. Noel Langley, haifaffen Durban a Afirka ta Kudu, shi ya tsamo labarin daga littafin da Thomas Hughes ya wallafa a 1857.

John Howard Davies ne ya fito a Tom. Shekara uku kafin nan shi ne ya fito a Oliver Twist na David Lean, inda Robert Newton ya fito a mugun ɓarawo Bill Sikes. A nan sun sake haɗuwa, amma Newton ya koma Dakta Arnold, shugaban makarantar. John Forrest ne Flashman, mugun fim ɗin, John Charlesworth ne East aminin Tom, Glyn Dearman kuma ƙaramin Arthur. Sun ɗauki kyamara sun je har makarantar Rugby ɗin kanta, saboda haka gine-ginen da filin da kake gani na gaske ne.

Labarin me yake bayarwa?

Ana cikin shekarun 1830. Tom ɗan wani mai gonaki ne, mai faɗa a ji a ƙauyensu da ke Berkshire. Yana wajen shekara 11 aka ɗora shi a keken doki daga Landan, cikin sanyin dare, zuwa Rugby. Can wani yaro mai rawar kai, East, ya tarbe shi ya nuna masa yadda ake zama a wurin: hular da ake sawa, inda ake sayen gasasshen dankali, wanda ake gaisarwa da wanda ake kauce wa.

A littafin, tun daren farko aka fara nuna masa inda ya zo. Kowane sabon yaro sai ya hau tebur ya rera waƙa shi kaɗai, in ya ƙi ko ya kakare a ɗura masa moɗa guda ta ruwan gishiri. Da aka koma ɗakin kwana, manya suka bi gado-gado suna zaƙulo ƙanana, a sa yaro a tsakiyar bargo a yi ta cilla shi sama har ya bugi silin. Tom ya miƙa kansa, ya cije, bai yi kuka ba, aka ce yaron nan namiji ne. Daga nan fa sai Flashman ya sa masa ido. Sauran labarin jan zare ne tsakanin yaro mai taurin kai da ƙato ɗan shekara 17 wanda ba ya iya barci in bai ga wani yana tsoronsa ba.

Ƙagaggen labari ne, ko abin ya faru?

Tom da East da Flashman ƙagaggu ne. Makarantar da shugabanta na gaske ne. Wani ɗan kasuwar Landan mai suna Lawrence Sheriff ya kafa Rugby a 1567, a yankin Warwickshire, kuma har gobe tana nan, makarantar kuɗi ce ta 'ya'yan masu hali. Thomas Arnold limamin coci ne kuma masanin tarihi, ya riƙe ta daga 1828 har rasuwarsa a 1842.

Hughes kansa ɗalibin Arnold ne, ya zauna a makarantar daga 1834 zuwa 1842. Daga baya ya zama lauya, ɗan majalisa, sannan alƙali. Da littafin ya fara fita bai ma sa sunansa ba, "tsohon ɗalibi" kawai ya rubuta. Abin da ya bayar game da abinci, wasanni, bulala da zaman ɗakin kwana, abin da idonsa ya gani ne. Bayan ya gama ba da labarin gashin, ya tsaya ya ce wa mai karatu yana fata irin wannan ba zai yiwu ba a makarantun yanzu, amma dole ya rubuta makarantu yadda suke a zamaninsu.

Wace irin makaranta ce ɗan mai kuɗi zai zama baran ɗan'uwansa ɗalibi?

Nan ne wanda bai san tsarin ba yake ruɗewa, ya ɗauka duk wahalar da ake ba ƙanana karya doka ce. Ko kusa. Barantakar da Turawa ke kira fagging doka ce ta makarantar, da sanin shugaba da yardar iyaye. 'Yan aji shida, wato ajin ƙarshe, su ne firifet, kuma kowannensu yana da yaran da ke share masa ɗakin karatu kowace safiya. Da daddare, daga cin abinci zuwa ƙarfe tara, ana jera yara uku a baranda. Da firifet ya ƙwala kira sai su zuba a guje, wanda ya iso a ƙarshe shi ke yin aikin: ya je ya karɓo burodi da cuku da giya, ya goge mazaunin kyandir, ya kai saƙo. Haka ne, giya. A lokacin ana ba ɗalibai giya mara ƙarfi tare da abinci.

Su firifet ɗin nan an ba su ikon dukan ƙanana da sanda. Arnold bai ƙirƙiro tsarin ba, gadonsa ya yi, amma shi ya ɗaure masa gindi. Tunaninsa shi ne malamai kaɗan ba za su iya sa ido a kan yara ɗaruruwa dare da rana ba, saboda haka ya jawo 'yan aji shida jikinsa, ya koyar da su da kansa, ya cusa musu tsoron Allah, sannan ya damƙa musu sauran makarantar.

To ina laifin Flashman? Ɗan aji biyar ne. Ba shi da ikon aiken kowa. Shi da abokansa sun samu shekarar da 'yan aji shida suka yi sanyi, sai suka fara aiken ƙanana kamar su ne firifet. Tawayen da Tom da East suka yi, inda suka kulle ɗakinsu suka ƙi amsa kira, a kan wannan ne kaɗai. In ɗan aji shida ya kira, da gudu suke zuwa.

Gashin da ake ta magana a kai, yaya aka yi?

Wannan ne wurin da duk wanda ya kalli fim ɗin yake tunawa, kuma yadda Hughes ya tsara shi ya cancanci a bi shi a hankali.

Lokacin sukuwar Derby ne, babban tseren dawakin Ingila da ake yi a Epsom. Manyan ɗalibai suka haɗa caca. Kowane yaro ana ba shi sule ɗaya a mako kuɗin kashewa. Ranar nan aka riƙe sulen kowa, yana so ko ba ya so, aka rubuta sunayen dawaki a 'yan takardu aka zuba cikin hula. Flashman da mutanensa suka tare ƙofa suna buɗe takardar kowane ƙaramin yaro, wanda ya yi dace da dokin kirki a murɗe masa hannu ya sayar da araha. Tom ya zaro Harkaway, na uku a cikin dawakin da ake sa ran za su ci.

Wani ya taya sule biyar, Tom har ya kusa sallamawa. Wani ya ce bakwai. Yana cikin waige-waige Flashman ya kutso ya ce biyar zai sayar, ko ya yi da-na-sani. Jin haka Tom ya ce albarka, ko kofaton dokin ba zai sayar ba. Da lalama aka bi shi da tuni ciniki ya faɗa. Barazanar ce ta tayar masa da taurin kai.

Suka ja shi gaban babban murhun da ke ɗumama zauren, suka danne kafaɗunsa a jikin dakalin saman murhun, bayansa na fuskantar wuta. Flashman ya ja wandonsa ya matse a cinya don zafin ya fi ratsa shi. Ɗaya daga cikinsu jikinsa ya yi sanyi, ya ce to zai ba shi sule goma. Tom bai amsa ba, sai nishi. East ya ruga ya kira Diggs, wani dogon ɗalibi mara gata, kullum ba ko sisi, wanda ba ya shiga harkar kowa amma ba ya jure ganin zalunci. Kafin su iso yaro ya suma.

Matar da ke kula da gidan kwanan ɗaliban ta zo ta ji ƙaurin ƙuna, ta duba wandon ta ga ya cinye, ta tambayi abin da ya faru. Zaure cike da yara, ba wanda ya ce uffan. Ta ce za ta gaya wa Dakta. Shiru. Washegari ta yi juyin duniya da Tom da East, ba su faɗi sunan kowa ba. Harkaway kuwa ya zo na biyu, Tom ya ci wajen fam huɗu, suka sayi sandunan kurket (wasan Turawa na buga ƙwallo da sanda) da hotunan bango, suka yi wa 'yan tawaye liyafar nama, kuɗi ya ƙare cikin 'yan kwanaki.

Me ya hana Tom kai ƙara? Malaman suna ina?

Malamai suna aji, suna koyar da Latin da Girkanci, in an tashi su tafi gidajensu. Abin da ke faruwa a ɗakin kwana ba hurumin da suke leƙawa ba ne, da gangan aka bar shi a hannun firifet.

Shi kuwa Tom, dokar da ta fi kowace doka ƙarfi a tsakanin yaran ita ce ba a kai tsegumi. Yaron da ya je wurin malami ya tashi daga mutum. Abin lura shi ne ba miyagun kaɗai ke riƙe da wannan doka ba, na kirkin ma su ne kan gaba. A daren Tom na farko, shugaban ɗaliban gidan, Brooke babba, wanda littafin ya nuna a matsayin abin koyi, ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce ya san ana cin zali sosai a gidan, amma shi ba ya bin diddigi, don hakan sai ya sa a koma yi a ɓoye kuma ya koya wa ƙanana zuwa da hawaye suna kai gulma. Ya ce su koyi jurewa da ƙwatar kansu, za su fi iya ƙwallo. Shi ma Diggs, da yaran suka yi shawarar kai kuka wurin 'yan aji shida, cewa ya yi kada su je wurin kowa, su dai tsaya a kan bakansu.

Ƙarshe da hannu aka raba gardamar. Tom da East suka haɗu su biyu a kan Flashman a cikin zaure, Diggs na alƙalanci. Tom ya sa masa wata ƙafa da ya koya wajen kokawa da yaran ƙauyensu, ƙato ya tafi ƙasa, kansa ya bugi benci ya fashe. Tun daga ranar bai sake ɗora musu hannu ba, sai ya koma yi musu sharri da baki.

Ke nan fim ɗin yaƙi yake yi da cin zali?

Haka ake tallarsa, kuma rabin gaskiya ne. A ganina fim ɗin, kamar littafin, yana yaƙi ne da azzalumin da ba shi da lasisi. Ka cire Flashman, me ya rage? Ƙanana na yi wa manya bauta, manya na da sanda, malamai sun juya baya, wanda aka cuta an hana shi magana. Duk wannan labarin bai ga aibinsa ba. Ya ɗauki muguntar gaba ɗaya ya zuba wa mutum ɗaya, matsoraci, mashayi, maƙaryaci, yadda in an kore shi kowa zai yi ajiyar zuciya ya ce makaranta ta gyaru. Alhali mutum kamar Flashman ba daga sama ya faɗo ba. Wurin da aka koya wa yaro cewa girman aji shi ke ba da ikon taɓa jikin na ƙasa, kuma ba mai tona asiri, dole kowace shekara ya fitar da irinsa.

Ka duba ma dalilin korarsa a littafin. Ba don ya gasa yaro ba ne, wannan Dakta bai taɓa jin sunan wanda ya yi ba. Ya je wani ƙauye kusa da makaranta, Brownsover, ya sha barasa ya yi tatul, aka ɗauko shi a kan wani katakon shinge, wani malami ya gan su. Washegari aka sallame shi. Buguwa a bainar jama'a ta kori wanda ƙona yaro bai kora ba.

Akwai wani ɗan labari da Hughes ya saka don nuna hikimar Dakta: an kama wani mai cin zali, sai Dakta ya sa wani firifet mai suna Holmes ya lakaɗa masa duka a gaban ɗaliban gidan kwanansu, bayan shekaru wanda aka daka ya dawo yana godiya. Maganin duka ke nan a wurin Hughes, wani dukan daga hannun da ya halatta. Yana da babi guda ma da yake kare dambe tsakanin yara a matsayin hanyar da ta fi dacewa ɗan Ingila ya kashe rigima.

Wannan bai sa fim ɗin ya zama ƙarya ba. Ya nuna tsoron da ƙaramin yaro ke kwana da shi ya tashi da shi, ya nuna yadda talatin ke tsaye suna kallo biyar na cutar ɗaya. Amsar da ya bayar ce ban gamsu da ita ba.

Shi Dakta Arnold ɗin, gwarzo ne kamar yadda aka nuna?

Ya yi gyara na gaske. Ya kori ɗaliban da ya ga suna lalata wasu, ba ya duba ɗan wane ne. Ya shigar da lissafi, tarihin zamani da Faransanci cikin darussa. Ya ɗauki maganar ɗalibi a matsayin gaskiya, har yaran suka riƙa cewa abin kunya ne a yi wa Arnold ƙarya tunda kullum yarda yake yi. Ya jera abin da yake nema a wurin ɗalibi: addini da ɗabi'a a gaba, sai halin dattako, ilimin boko na uku.

Amma mutum ne mai zafin zuciya, kuma a rubuce ya kare bulala da barantaka. A 1832 ya tsula wa wani yaro bulala 18 bisa zargin ƙarya, daga baya ta bayyana yaron gaskiya ya faɗa, dole ya ba da haƙuri, jaridu suka yi masa ca. A 1918 Lytton Strachey ya yi masa tatas a littafinsa kan manyan mutanen zamanin Sarauniya Victoria. Fim ɗin 1951 bai bi ta nan ba, Arnold na Hughes ya ɗauko, wanda almajiri ya zana da ƙauna.

Mene ne amfanin Arthur a labarin?

A wurina nan ne labarin ya fi hankali. Bayan tafiyar Flashman, Tom da East sun zama fitinannu da kansu, kullum suna gaban Dakta saboda kamun kifi a ruwan mutane da tsallake iyaka, har ana tunanin korarsu. Maimakon ƙarin bulala, sai aka damƙa wa Tom wani sabon yaro, George Arthur, maraya ɗan limamin coci, siriri, mara lafiya, irin wanda za a cinye ɗanye a mako guda. Aka ce ga amana.

Daren farko, a ɗaki mai gado goma sha biyu, Arthur ya durƙusa gaban gadonsa zai yi addu'a kamar yadda ya saba a gida. Aka fashe da dariya, wani ƙato ya jefe shi da silifa. Tom yana cikin cire takalmi, sai ya wurga wa ƙaton a ka. Bayan an kashe fitila kuma kunya ta kama shi, don shi kansa ya daina durƙusawa tun da ya zo, saboda tsoron dariya. Wanda aka ce ya kare ya fi shi ƙarfin zuciya. Dabarar ba wa fitinannen yaro wanda zai kula da shi ta fi duk sandunan firifet aiki a cikin labarin, kuma ita ce abin da malamin makarantar kwana zai iya ɗauka yau ba tare da ya gyara komai ba.

Fim ɗin ya bi littafin sau da ƙafa?

A'a. A littafin Flashman ya tafi tun kafin a kai rabi, bai ma haɗu da Arthur ba, kuma an bi Tom har ya kai shekara 19 yana kyaftin ɗin kurket, sannan aka rufe da ranar da ya ji rasuwar Arnold. Masu fim sun san in mugu ya tafi 'yan kallo ma za su tafi, saboda haka suka riƙe Flashman har kusan ƙarshe, suka haɗa zamaninsa da na Arthur, Tom kuwa yana yaro aka tashi. Dogayen wa'azozin Hughes ma an zubar da mafi yawansu, kuma ba a yi asara ba.

'Yan wasan sun yi ƙoƙari?

Forrest ne ya ɗauki fim ɗin. Flashman ɗinsa tsaf-tsaf yake, ɗan ƙwalisa, ba ya ɗaga murya sosai, rainin da ke fuskarsa ya isa. Newton abin mamaki ne: a 1950 ya fito a ɗan fashin teku Long John Silver yana zare ido yana gurnani, a nan kuwa ya kame kansa ya yi magana a hankali. Davies fuskarsa ta fi kama da ta yaron da za a tausaya wa fiye da Tom ɗan kokawar da Hughes ya rubuta, amma hakan ya sa gashin ya fi ciwo a ido. Bai daɗe yana wasa ba bayan wannan. Ya girma ya zama furodusan wasannin barkwanci a talabijin, hannunsa na cikin farkon Monty Python da Fawlty Towers da Mr Bean. Ya rasu a 2011.

Sunan makarantar ɗaya ne da na ƙwallon zari-ruga. Akwai alaƙa?

Daga can wasan ya samo sunansa, kuma ɗaliban makarantar ne suka fara rubuta dokokinsa a 1845. Ana cewa wani ɗalibi, William Webb Ellis, shi ya fara sungumar ƙwallo ya ruga da ita a 1823. Masana tarihi ba su gamsu da labarin ba, amma kofin duniya na wasan sunansa yake ɗauke da shi. Wasan da Tom ya tarar ranar da ya iso, gida ɗaya na yara hamsin ko sittin suna karawa da duk sauran makarantar, yana cikin tsofaffin bayanan wasan da aka rubuta.

Wani Bafaranshe, Pierre de Coubertin, ya karanta littafin yana matashi, ya ziyarci Rugby a shekarun 1880, ya tafi da imanin cewa Arnold ya gina tarbiyya a kan wasanni. Shi ne ya farfaɗo da gasar Olamfik a 1896. Arnold na gaskiya bai damu da ƙwallo can ba. Hughes ne mai son wasa.

Me ya sa wanda ya yi makarantar kwana a Arewa yake jin kamar ya san wurin nan?

Don tushen ɗaya ne. Jami'an ilimin da Turawan mulkin mallaka suka kawo, da yawansu a irin waɗannan makarantu suka tashi, kuma abin da suka sani shi suka shuka. Kwalejin Katsina, da aka buɗe a farkon shekarun 1920, ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, wadda yau ake kira Barewa, an tsara ta da gidaje, da shugabannin ɗalibai, da wasanni irin su kurket da fives, ƙwallon hannun nan da ake bugawa a jikin bango, wadda Sardauna Ahmadu Bello ya ƙware a kai. Makarantun midil da sakandaren gwamnati da suka biyo baya duk sun ɗauki wannan fasali.

Sauran kuwa ba sai an gaya wa kowa ba. Siniya yana kwance a gado ya ƙwala kira, juniyoyi su zubo a guje, na ƙarshe ya ɗauki bokiti ya nufi famfo. Wankin kayan da ba naka ba, guga da dutsen gawayi, garin kwaki da sukarin da mahaifiya ta ƙulle maka ya ƙare a akwatin wani tun makon farko, tsallen kwaɗo da kamun kunne a kan laifin da ba ka san shi ba. In an zo ziyara a tambaye ka lafiya, ka ce lafiya lau, don ka san wanda za ka kwana da shi a ɗaki. Sannan a ce maka ka yi haƙuri, kai ma za ka zama siniya. Wannan jumla ta ƙarshe ita ce injin da ke juya abin, a Rugby ta 1830 da ko'ina. Ba Turawa suka koya mana babba ya aiki ƙarami ba, muna da namu tun a tsangaya da gida. Abin da suka kawo shi ne a ba ɗalibi muƙami da sanda, a rufe ƙofar hostal, malami ya tafi kwatas.

A Ingila har yanzu ana yi?

Barantaka ta mutu a hankali, yawancin manyan makarantun sun daina ta a shekarun 1970 da 1980. Bulala kuwa majalisa ta hana ta a makarantun gwamnati da dokar 1986, amma makarantun kuɗi na Ingila da Wales sai a 1999 hanin ya hau kansu, shekara 142 bayan fitowar littafin Hughes. Rugby yanzu tana ɗaukar 'yan mata. Cin zali tsakanin ɗalibai bai ƙare ba, sai dai yau doka ta wajabta wa makaranta ta kasance da tsarin magance shi, kuma ana koya wa yaro ya faɗa.

Ina Flashman ya ƙare?

Ya fi Tom suna. A 1969 wani ɗan jarida, George MacDonald Fraser, ya ɗauke shi daga ranar da aka kore shi ya sa shi soja. Yana nan yadda yake, matsoraci, mayaudari, amma duk yaƙin da ya gudu daga gare shi sai sa'a ta sa a ɗauka shi ne jarumin, tun daga yaƙin Afganistan na farko. Littafi 12 Fraser ya rubuta, na ƙarshe a 2005, Flashman ya tsufa da lambobin yabo a ƙirji. An yi fim ɗin ɗaya a 1975, Malcolm McDowell ya fito a Flashman.

An ce akwai wasu finafinan. Wanne zan kalla, kuma yara za su iya gani?

Akwai na 1916 mara magana. Akwai na Amurka na 1940, da Cedric Hardwicke a Arnold da Freddie Bartholomew a East, wanda ya fi karkata ga shugaban makarantar. BBC ta yi mai dogon zango a 1971, yaron da ya fito a Tom, Anthony Murphy, ya ci lambar Emmy ta wasannin talabijin. Tashar talabijin ta ITV ta yi nata a 2005 da Stephen Fry a Arnold, mai kala ne kuma Turancinsa ya fi sauƙin ji. In ɗaya za ka kalla, kalli na 1951. In kana son ganin abin da Turawan da kansu suka ce game da tsarin bayan sun daina jin kunyarsa, nemi if.... na Lindsay Anderson na 1968, inda ɗalibai suka ɗauki bindiga, amma wannan na manya ne.

Na 1951 ba batsa a ciki, akwai shan giya da addu'o'in Kirista, kuma gashin zai iya tsorata yaro ɗan ƙasa da shekara 10. Wanda ke shirin tafiya makarantar kwana ya dace ya gani, da babba a gefensa. In an zo wurin da Tom ya ƙi faɗin wanda ya ƙona shi, a tsayar da fim ɗin a tambayi yaron shi me zai yi, kuma a gaya masa sunan malamin da zai je wurinsa.